Ranar Da Na Fita Takaba Cikin Ruwan Toka

Tun ina yarinya a Fagge ban san wani abu wai shi ruwan toka a jikin mace mai rai da lafiya ba. Toka a murhu muka san ta, da ita ake goge gindin tukunya. A bakin Kantin Kwari muka tashi, in ka leƙo daga zauren gidanmu abin da za ka fara gani 'yan dako ne da dilolin atamfa a ka. Mahaifiyata ko shara za ta yi sai ta ɗaura ɗankwali mai fure. Na gaje ta, har na wuce ta. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, malamai 'yan'uwana sukan ce tun daga bakin titi suke gane ni ce tafe, don ba mai haɗa ruwan goro da kore da sassafe sai ni. Ban taɓa jin haushin maganar ba, yabo na ɗauke ta.

Da Malam ya rasu, Allah ya ji ƙansa, na shiga takaba kamar kowace mace. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba ɗan kunne, ba fita ko nan da ƙofar gida sai da lalura. Na ware koɗaɗɗun zannuwa biyu da wani tsohon hijabi, su na yi ta juyawa. Ba ƙorafi nake ba, haƙƙinsa ne, kuma addini ne, ko da an ce in ninka zan ninka masa. A watan farko ma ban san me ke jikina ba, ko buhu aka rataya mini zan zauna da shi. Amma da tafiya ta yi tafiya, 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit, sai na fara jin kewa iri biyu. Ina kewar Malam, ina kuma kewar kaina. In na wuce ta gaban madubi sai in ga wata tsohuwa fururu tana kallona, in ce a raina wannan kuma daga ina. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa ranar fita tana nan zuwa: a yi wanka, a yi kitso, a sa lalle, 'ya'ya su ɗinka wa uwarsu sababbin kaya, mata su taru a ci waina a ce barka da fita. Wannan rana na sa a gaba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

'Yata ta fari ce ta taho ta taya ni zama. Da yake 'yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na kuma iya doguwar jayayya da ita ido cikin ido, haka aka raine mu. Tana aiki a wani ofis a Titin Ibrahim Taiwo, albashinta ba laifi, mijinta ma mai rufin asiri ne. Amma in ka ga shigarta sai ka rantse jiya gobara ta cinye mata kaya, maƙwabta suka ara mata abin da za ta rufe jiki.

Yayi ne ya zo musu ta waya. Wai yanzu mai aji ba ya ado. Doguwar riga baƙa, ko ruwan toka, ko ruwan ƙasa, ba aiki a wuya, ba dutse, ba fure, mayafi kalar rigar, sai farin kambas a ƙafa kamar mai zuwa fareti. Na taɓa buɗe sif ɗinta a gidanta ina neman sallaya, na tarar da riguna a jere, wallahi ban iya bambance ta farko da ta ƙarshe ba. Lesussukan lefenta kuwa suna can ƙasan akwati, ko ɗinka su ba a yi ba. Mijin ma kanwar ja ce, farar shat da baƙin wando kullum, ranar Juma'a farin yadi wanda ko zare ɗaya ba a ɗora masa a wuya ba. Ƙawayenta in suka zo gidan sai in rasa wa zan gaisar da sunan wa, duk kamar a injin ɗaya aka buga su. Abin da ya fi ƙona mini rai, kayan nan ba arha ba ne. Mutum ya ɗauki kuɗi masu ciwo ya je ya sayo kamannin rashi. A zamaninmu in matar aure ta fito unguwa haka, kafin yamma an aika a tambayi mijinta ko lafiya.

Na sha yi mata magana ta bayan fage, irin ta uwa da 'yar fari, in fuskanci bango in ce wasu dai sun mai da kansu masu gadin asibiti. Sai ta yi dariya ta ce, Umma, yanzu simpul ake yi. Kalmar nan simpul, da abin duka ce da tuni na karya ta.

Ina da wata ƙawa a Kasuwar Sabon Gari, 'yar ƙabilar Ibo ce, amma a Kano aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta wasu 'yan Fagge. Madam muke ce mata. Tun ina sabuwar malama a rumfarta nake sayen atamfa, ta san abin da idona yake so fiye da 'ya'yan cikina. Ta zo ta'aziyya, ta kuma dawo daga baya ta duba ni. A zuwanta na biyu ne ta matso kusa ta ce mini wata atamfa ta shigo, ƙasanta ruwan goro, da manyan ganyaye kore da ɗigon shuɗi, tana buɗe dila ta ce wannan ta Hajiya ce, ta ɗauke ta ta ɓoye a bayan kanta. Ta ce su ma a wajensu akwai ranar da mace take tuɓe kayan makoki, ta san abin da ranar take nufi. Ban ga atamfar nan ba, amma tun daga ranar nake ɗinka ta a zuciyata, yau in yi mata wannan wuya, gobe in sauya hannu.

Da fita ta matso, na kira 'yar tawa, na kau da kai na ce mata ta je rumfar Madam ta karɓo ajiyata ta kai wa tela, a rage awon don na rame. Na ce a haɗo da gyale kore da takalmi mai ɗan tudu. Ta ce to, in bar komai a hannunta. Da sauri ta faɗi to ɗin, ko tambaya ɗaya ba ta yi ba, ni kuma na ɗauka biyayya ce.

Ana gobe fita, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida ana jiƙa shinkafar waina, ta shigo da wata jakar takarda mai igiya, irin ta manyan kantuna. Fuskarta fal murna, rabon da in ga haƙoranta haka tun kafin uban ya kwanta ciwo. Ta durƙusa ta ajiye a gabana. Na zura hannu na zaro. Doguwar riga ce ruwan toka, santala, tun daga wuya har ƙasa ba abin da ido zai tsaya a kai. Na juya bayanta ko a can aka ɓoye aikin, babu. Na sake zura hannu, mayafi ruwan toka. Na sake, takalmi shafal, shi ma ɗan gidansu.

Na ce, “Ina atamfata?”

Ta ce, “Umma, na je na gan ta. Ta yi hayaniya da yawa. Wannan ta fi dacewa da ke, ki taɓa yadin ki ji.”

Na taɓa. Laushi kam akwai shi, ban hana ba. Amma ni ba laushi na aike ta nema ba. Da ƙanwarta ce, ta biyu, da unguwar nan kaf ta ji muryata a ranar. Amma 'yar fari ce, ga mata a tsakar gida suna tsince shinkafa da kunnuwansu a buɗe, ga ni cikin takaba, ba a so a ji mai takaba tana ɗaga murya. Na dai ce mata watanni huɗun nan da me ta ga ina zaune, da jan leshi? Ta ce ai wannan daban, waccan tsufa ce ta koɗar da su, wannan kuwa haka aka yi ta da gangan, kuma manyan mata yanzu haka suke fita. Ikon Allah, wai da gangan.

Na shiga ɗaki na zauna ina lissafin mafita. Ba telan da zai ɗinka mini kaya kafin safiya, ko da an samo atamfar. In na ce zan sa tsofaffin kayana, rigunan duk sun yi mini yawa, kuma ba wannan ba ma, matan unguwar nan sun san kowane zani nawa kamar yadda suka san 'ya'yansu. Suna gani za su ce 'ya'yanta sun kasa yi mata ɗinkin fita, ga babbar tana aikin ofis. Sunan wa zai ɓaci? Nata. Wato ta ɗaure ni ta ko'ina, kuma da zuciya ɗaya ta yi, wannan ne ya fi ciwo. Mutum in da mugunta ya yi maka abu ka san yadda za ka yi da shi. Na ce to, rana ɗaya ce, lalle da kwalli da ɗan kunne za su taimaka.

Da safe na yi wanka, mai kitso ta zo ta yi mini shuku, aka sa mini jan lalle, na zizara kwalli. Na ji daɗin kwallin nan har raina. Na tattara zannuwan takaba na ba da sadaka kamar yadda ake yi. Sannan na zura rigar. Mayafin ya rufe kitson, ya rufe ɗan kunnen, dogon hannun rigar ya rufe rabin lallen. Na tsaya gaban madubi, tsohuwar nan dai ta jiya ce, sai dai an goge ta. 'Yata ta tsaya a bayana ta dafa ƙirji ta ce na yi kyau kamar ba ni ba. A nan kam ta faɗi gaskiya, ba ni ba ce.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ƙamshin waina da miyar taushe ya cika ko'ina, na fito na zauna a kan darduma. Maƙwabciyata ta jikin katanga ce ta fara shigowa, mace mai barkwanci, tun daga zaure nake jin muryarta tana cewa ina amaryar take. Ta ci leshinta ruwan hoda, ta kafa ɗauri. Tana ɗaga labule ta gan ni, sai maganar ta mutu a bakinta. Ta ja gyalenta ta rufe sarƙar wuyanta, ta sulale ta zauna a gefen tabarma, ta sunkuyar da kai ta ce mini ya ƙarin haƙuri. Na ce da godiya, don ba wata amsar da ake bayarwa. Can na ji ta a bakin madafa tana tambayar masu tuya a hankali, ashe ba yau ba ne? Suka ce yau ne mana. Ta ce anya, ko dai an yi kuskuren ganin wata? Na hango ta tana lanƙwasa yatsu tana ƙirga watanni.

Haka aka yi ta yi. Duk wadda ta shigo da fara'a, in ta dube ni, ta dubi waɗanda suka riga ta suna zaune jugum, sai ta haɗiye fara'arta ta nemi wuri. Wata ta ce Allah ya ji ƙan Malam, aka shafa. Wata ta kama ba da labarin yadda ya taɓa taimakon ɗanta, ta fashe da kuka, biyu suka taya ta. Wainar ma a ɓoye ake cinta, kowa na gutsura kamar mai jin kunya. Na yi ta ƙoƙarin in gyara, na ɗaga murya na tsokani wannan, na tambayi waccan labarin bikin 'yarta, na ma janye hannun riga don a ga lalle. Sai suka riƙa kallona da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai ƙarfin hali. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce kar in matsa wa kaina, kowa da yadda yake ɗaukar rashi. Na zauna ina tafasa, an sake buɗe mini zaman makoki sabo fil a ranar da na yi wata huɗu ina jira.

Su kuwa 'yata da ƙawayenta suna can gefe, sanye da baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa, suna ɗaukata hoto da waya. Ɗaya ta zo ta durƙusa ta ce wallahi Umma ta fi kowa aji a wurin nan, ina ma tata uwar za ta yarda ta sa irin wannan. Na ce mata ta gaishe mini da uwar tata, mace ce mai hankali. Ba ta gane ba, ta ce za ta ji.

Wajen azahar sai ga Madam. Daga coci take, don Lahadi ce, ta sha ado, ɗaurin kanta da ƙyar ya wuce ƙofar zaure. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi matan. Ta gaisa da mutane, ta kamo hannuna ta ja ni ɗaki kamar za ta yi mini wata magana. Muna shiga ta saki labule ta ce, Hajiya, wa ya sake mutuwa? Na ce ni ce. Ta ce ta san za a yi haka, tun ranar da yarinyar ta je rumfa ta ɗaga atamfar da yatsu biyu ta ajiye. Sai ta buɗe jakarta ta zaro baƙar leda. Ashe da ta ga ba a dawo ba, ta ba telanta ya ɗinka mini riga da zani da tsohon awona, ta ce ya rage kaɗan, don ta ga yadda na zube.

Na buɗe ledar a kan gado. Kai, atamfa ta yi. Ta fi yadda na yi ta zana ta a raina, ruwan goron nan kamar a lasa, ganyayen manya-manya. Na kai ta hanci na shaƙi ƙamshin sabon ɗinki, hawaye ya zubo mini, na farko a ranar, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Madam ta ce in yi sauri in sauya, ita za ta ɗaura mini ɗankwalin, in na fita za ta sa maƙwabciyar nan ta rangaɗa guɗa. Na ce 'yar tawa fa? Ta ce ta yi fushi ta huce, ba ita ta haife ni ba. Na cire mayafin, na kai hannu baya ina laluben zif.

A daidai nan aka yi sallama a bakin ƙofar ɗakin. Yayar Malam ce, daga Rijiyar Lemo aka kawo ta. Yaya muke ce mata duka. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwa ita ce uba a danginsu, kuma duk tsawon zamana da ƙaninta ban taɓa jin kalmar yabo ɗaya daga bakinta ba. A wajenta ni malamar boko ce mai son kwalliya, wadda ta mai da albashi tsumma. Ta tsufa ƙwarai, rasuwar Malam ta ƙarasa karya ta, sai an riƙe ta take tafiya. Na yi maza na mai da mayafin, na ja filo na rufe ledar. Aka ɗaga labule, mata biyu suna riƙe da ita, wasu kuma sun biyo bayanta sun cika ƙofa.

Na durƙusa zan gaishe ta. Ta tsaya tana kallona, ta daɗe. Ta miƙo hannu ta shafa kafaɗar rigar, ta shafa mayafin. Sai na ga bakinta yana motsi, hawaye ya gangaro mata.

Ta ce, “Ashe haka kike son ɗan'uwana? Ranar fitarki ce, amma kin ƙi yi wa duniya ado. Na zalunce ki a zuciyata shekara da shekaru, ki yafe mini.”

Ta juya ga matan da ke ƙofa ta ce su shaida, wannan ita ce matar da ta san darajar miji, 'yan baya su yi koyi. Aka yi ta cewa Allahu akbar, wasu suna share ido. Na hango 'yata a bayansu tana murmushi tana kuka, ta ga zaɓinta ya yi albarka. Madam tana tsaye a jikin sif, ta harɗe hannu, tana kallona, tana jiran in buɗe baki.

Me zan ce? In ce Yaya ba haka ba ne, yayin 'yan waya ne, ga ma atamfata nan ƙarƙashin filo ina shirin sawa? In ƙwace wa tsohuwar da ta binne ƙanin da ta goya abu ɗaya da ya sanyaya mata rai, a gaban mutane, in kuma kunyata 'yar cikina a kai? Raina yana ƙuna, na san kuma daga yau duk ranar da na ɗaura jan zani a dangin nan sai an tuna mini da wannan shaida.

Yaya ta zauna a bakin gadon, daidai kan filon, ta kama hannuna ta riƙe gam. Ta ɗaga ɗayan hannun ta ce Allah ya bar ni a kan wannan hali har ranar da zan tarar da ƙaninta. Mata suka amsa gaba ɗaya. Ta matse mini yatsu, tana jiran nawa.

Na ce amin.